Shirin 88 na NFL: yana biyan kuɗin jinya, amma wa zai cike takardun?

Shirin 88 tallafi ne da hukumar NFL da ƙungiyar 'yan wasanta, NFLPA, suka kafa domin tsofaffin 'yan ƙwallon zari-ruga ta Amurka da ciwon mantuwa ya kama. Sunan shirin ya fito ne daga 88, lambar rigar John Mackey, ɗan wasan ƙungiyar Baltimore Colts. Mackey ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasan a farkon shekarun 1970, daga baya ciwon ya cinye shi har bai san inda kansa yake ba. Wasiƙar da matarsa Sylvia ta rubuta wa shugaban NFL na lokacin, Paul Tagliabue, a 2006 ita ce ta tunzura aka yi abin, ya fara aiki a 2007.

Da farko dala 88,000 ake biya a shekara ga wanda ke kwance a gidan jinya, 50,000 ga wanda ake kula da shi a gida. An ƙara kuɗin a yarjejeniyoyin da suka biyo baya, aka kuma shigar da cutar ALS mai shanye jiki da cutar Parkinson mai sa karkarwa. Babban abin yabo shi ne ba a tambayar mara lafiya ya kawo hujjar cewa karo da kai a fili ne ya jawo masa ciwon. Likita ya tabbatar da cutar, magana ta ƙare.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa ya cancanta. Galibi sai wanda ya tara kakar wasa uku da aka lissafa masa, kuma ba a lissafa kaka sai sunan mutum ya zauna a jerin 'yan wasan ƙungiya na aƙalla wasanni uku. Ga shi NFLPA ta daɗe tana cewa a matsakaici, shekara uku da 'yan watanni ɗan wasa ke yi yana bugawa. Wanda ya yi kaka biyu gwiwa ta karye, ko da ya sha karo iri ɗaya da abokin ɗakinsa, galibi ba shi da rabo a nan.

Sai kuma tsarin biyan. Ba albashi ba ne da ke faɗowa a asusu duk wata. Kuɗin da aka kashe a jinya ake mayarwa ko a biya kai tsaye, don haka kowace rasit tana da muhimmanci. Ana cike takardar nema, a haɗa da bayanan likitan ƙwaƙwalwa, kwamiti ya duba, wani lokaci a tura mutum wajen likitan da shirin ya zaɓa. To mutumin da ke manta ko ya ci abincin rana, ta yaya zai bi wannan layin? Mai mata ko 'ya'ya a kusa yana samun sauƙi. Wanda ke zaune shi kaɗai, galibi tsohon abokin wasa ne ke lura ya daina ɗaga waya, ya tuƙa mota ya je ya gan shi. Shawarar da ta fi amfani ga irin wannan aboki ita ce a sa mara lafiya ya naɗa wakili a gaban lauya tun hankalinsa na tare da shi. In aka makara, sai an bi ta kotu kafin wani ya iya sa hannu a madadinsa, watanni su tafi a banza.

Giɓin da ya rage, 'yan wasan da kansu suke cikewa. Jerry Kramer, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Green Bay Packers, ya kafa asusun Gridiron Greats a 2007, Mike Ditka, tsohon ɗan wasa kuma koci, ya zama jagoransa, suna taimaka wa tsofaffin 'yan wasa da kuɗin haya da na magani. Zumunci ne na gaske, sai dai gudummawa ke riƙe da asusun, ba zai ɗauki nauyin gidan jinya na shekara da shekaru ba.

Ga wanda ya cika sharaɗin kaka uku, Shirin 88 na cikin mafi inganci a tallafin NFL. A fara da tambayar ofishin fansho na 'yan wasa adadin kakar da aka lissafa wa mutum, a rubuce, kafin a kashe ko dala ɗaya wajen gwaje-gwaje.