M Shed na Bristol: mutum-mutumin Colston a kwance cikin gilashi

Mai son ya ga yadda ake yi da mutum-mutumin da jama'a suka tumɓuke, ya nufi gidan tarihi na M Shed da ke bakin ruwa a Bristol, kudu maso yammacin Ingila. Shiga kyauta ne, ana buɗewa Talata zuwa Lahadi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, ranar Litinin kuwa yawanci a rufe yake. Daga tashar jirgin ƙasa ta Temple Meads tafiyar kamar minti 20 ce a ƙafa. Ginin tsohon sito ne na kayan jirgin ruwa, a 2011 aka mai da shi gidan tarihi.

Abin da ake zuwa gani shi ne mutum-mutumin Edward Colston, attajirin da ya rasu a 1721. Ya ba makarantu da gidajen gajiyayyu dukiya mai yawa, amma kuma jigo ne a kamfanin cinikin bayi na Royal African Company daga 1680 zuwa 1692, har ya riƙe muƙamin mataimakin gwamnansa. An kiyasta cewa a waɗannan shekarun kamfanin ya kwashi 'yan Afirka kusan 84,000 daga gaɓar Afirka ta Yamma, kusan 19,000 suka mutu a hanya. Sai a 1895 aka kafa masa mutum-mutumin tagulla a tsakiyar gari, da allo mai yabon nagartarsa da hikimarsa, babu ko kalma ɗaya a kan bayi. Ranar 7 ga Yuni 2020 masu zanga-zanga suka ɗaura masa igiya suka kayar, suka mirgina shi har bakin ruwa suka jefa. Kwana huɗu ya yi a ciki kafin hukumar birnin ta tsamo shi.

Inda gidan ya ci yabo shi ne aikin adanawa. Ba su gyara shi ba. Sun wanke taɓon da ya shige cikinsa, domin tagullar ɓawo ce kawai, cikin fanko ne, kuma danshin da ya maƙale a irin wannan wuri shi ke cin ƙarfe a hankali. Bayan ya bushe sai suka koma kan fentin ja da shuɗi da aka fesa masa. Fentin feshi ba ya kama tagulla sosai, ga shi an ja shi a kan titi ya kuma jiƙa, don haka sai da aka san yadda za a tsai da shi kada ya ɓare. Sandar da yake dogarawa ta ɓalle, gefen rigarsa ya karye, duk an bar su haka. A cikinsa ma an tsinci wata mujalla ta 1895 a naɗe, da sunayen waɗanda suka kafa shi rubuce da hannu.

Tun Maris 2024 yana kwance rigingine cikin akwatin gilashi, a sashen da ke ba da labarin zanga-zanga. Raunin da ya samu ya hana a tsai da shi ba tare da babban gyara ba, amma kwanciyar ta fi dacewa ko da ba don haka ba. Tsawonsa ya haura mita biyu da rabi, dakalinsa kuma kusan mita uku, wato shekara 125 mutane na ɗaga kai su kalle shi. Yanzu kai ne a sama, kana duban ja a fuskarsa da hannuwansa. Kusa da shi akwai kwalayen da masu zanga-zangar suka riƙe.

Ba a yanke wannan shawara da ka ba. An tambayi jama'a a 2021, kusan mutum 14,000 suka amsa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna Bristol da suka amsa sun ce a ajiye shi a gidan tarihi. Mutum huɗun da aka gurfanar kan kayar da shi kuwa kotu ta wanke su a Janairun 2022.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da aka ajiye shi. Da yake sashen na zanga-zanga ne, labarin 2020 ya fi fitowa fili, mutanen da aka yi wa lalas da harufan kamfanin a ƙirji kuwa sun tsaya a matsayin adadi. Mai ziyara ya nemi ɓangaren cinikin bayi da ke cikin gidan ya haɗa biyun da kansa, ya ware aƙalla awa ɗaya da rabi.

In an fito, a taka zuwa gadar Pero, tafiyar 'yan mintuna ce. Kusa da ita aka jefa mutum-mutumin, sunanta kuma na Pero Jones ne, bawan da aka kawo Bristol daga tsibirin Nevis. Daga nan a miƙe zuwa tsakiyar gari, dakalin yana nan inda yake, babu kowa a kansa.