Mako biyu ina sauraron Solid State Survivor na YMO

Sana'ata buga fiyano a sutudiyo, saboda haka kunnena ya saba da kiɗan na'ura. Duk da haka, ranar da na kunna faifan Solid State Survivor na ƙungiyar Yellow Magic Orchestra (YMO), sai da na ajiye aikin da ke gabana na zauna. A intanet na saye shi, kuma yau mako biyu ke nan kullum sai na saurare shi.

Mutum uku ne suka haɗu a Tokyo a 1978: Haruomi Hosono, wanda ya kawo shawarar, Ryuichi Sakamoto a kan fiyano, sai Yukihiro Takahashi mai ganga da rera waƙa. Wannan shi ne faifansu na biyu, ya fito a 1979, waƙoƙi takwas ne cikin minti talatin da 'yan kai. A Japan an sayi fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Abin da ya fi kama ni shi ne "Rydeen". Na ɗauka kiɗan kwamfuta na wancan zamani zai fito a bushe, ashe ba haka ba ne. A cikinta akwai sautin kofaton dawakai a guje, kana ji sai ka tuna sukuwar mahaya ranar hawan sallah. A ƙarƙashin sautin na'urorin kuma Takahashi ne ke dukan ganga da hannunsa, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na'ura ba ya kuskure. Nan ran kiɗan yake. Na gwada bin waƙar da yatsuna, na sha wuya kafin na kama ta.

Na fi jinjina musu da na fahimci yadda aka yi aikin. Hideki Matsutake, wanda ake yi wa kallon na huɗunsu, shi ke tsara Roland MC-8, na'urar da ke jera sautukan kiɗa ta buga su da kanta, kuma kowane sauti da lambobi ake shigar da shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai danna kalkuleta. Abin da mu yau muke yi cikin minti biyar, su sai sun ɓata awoyi.

"Technopolis" ce ke buɗe faifan, da muryar mutum da aka bi da ita ta na'ura tana kiran sunan Tokyo. "Behind the Mask" kuwa ta yi nisan zango: Michael Jackson ya ɗora mata baitukansa, amma tasa ba ta fito ba sai 2010, bayan rasuwarsa.

Inda ban gamsu ba guri biyu ne. Yadda suka sake "Day Tripper" ta ƙungiyar Beatles bai kwanta mini ba, an karkarya ta har daɗinta ya ragu. Sannan faifan ya yi gajarta, kana cikin jin daɗi sai ka ji shiru.

Takahashi ya rasu a Janairun 2023, Sakamoto ya bi shi a Maris na shekarar. Idan "Castalia" ta zo, wadda Sakamoto ya tsara a hankali cikin sanyi, jikina yakan mutu.

Kada ka saurare shi da sifikar waya, za ka rasa rabin kiɗan. Nemi iyafis mai kyau ko babbar sifika. Ni yanzu faifansu BGM na 1981 zan saya, don in ji yadda suka sarrafa TR-808, na'urar da ke buga ganga.