Laburare Ya Sake Gwadawa, Ko Ya Miƙa Kuskuren Ga Mai Kira?

Duk sanda muke bitar laburaren (tarin lambar kwamfuta da wasu manhajoji ke amfani da shi) da ke magana da rumbun hotunan kwantena (ma'ajiyar ƙunsassun manhajoji da ake kira hotuna) irin Docker Hub, tambayar nan sai ta dawo: idan sabar, wato kwamfutar rumbun, ta ƙi buƙata, laburaren ya sake gwadawa da kansa, ko ya miƙa kuskuren ga mai kiransa, wato manhajar da ke amfani da shi?

Sake gwadawa hutu ne ga mai amfani. Kuskure mai lamba 503 (sabar ba ta iya amsawa a lokacin) yakan wuce da kansa, 401 kuwa galibi tikitin shiga ne ya ƙare, a karɓo sabo. Amma da tarko a ciki. Na taɓa ganin wanda ke ta maimaita buƙata a kan 404 (ba a sami abin da ake nema ba), alhali hoton ma babu shi. Aiki ya tsaya cak, ba wanda ya san dalili. A kan 429 (buƙatu sun yi yawa) kuma, in ba a dakata ba, rura wuta kawai ake yi.

Miƙa kuskure ƙarin aiki ne, sai dai ba ɓoye-ɓoye: mai kira yana ganin saƙo irin MANIFEST_UNKNOWN (ba a sami bayanin hoton ba) ƙarara, gyara ya zo da sauƙi.

Mai sauke hoto jefi-jefi, sake gwadawa ya ishe shi. Mai tura hotuna da yawa da nasa tsarin jira, miƙa kuskure ne nasa.