Bustar netwok ɗin nan ta 900/1800/2100: sabis zai cika, amma data fa sai an rage wa bustar wuta

Masu tambaya a kan ƴar farar bustar nan (na'urar ƙara ƙarfin sabis) mara suna da ake saidawa a kasuwar waya, mai eriya biyu da dogon kebul baƙi, ga abin da na gani bayan na ɗaura ta a shago. Wajen kira gaskiya ba ta da laifi, cikin ɗaki mai rufin kwano da a da sai ka fito bakin titi kafin a ji ka, yanzu kana zaune za ka yi magana tar. Amma data wani labari ne daban. Layukan sabis sun cika fam, 4G a rubuce, kuma bidiyon WhatsApp sai juyawa yake yi kamar ba ka da ko megabait ɗaya.

Matsalar a ampilifayar da ke cikinta take, wato ɓangaren da ke ƙara wa sigina ƙarfi. Siginar 2G ƙarfinta kusan ɗaya ne ko yaushe, ba hawa ba sauka, don haka ko an matse ampilifaya har ƙarshe muryar na wucewa lafiya. 4G kuwa da OFDM take aiki, wato ana raba data a kan ƙananan igiyoyi masu tazarar 15 kHz, idan faɗin tashar 20 MHz ne igiyoyi 1200 kenan suke tafiya tare, to wani lokaci sai su haɗu su miƙe gaba ɗaya ƙarfin ya yi tsalle ya ninka na kullum sau goma ko fiye, shi ne injiniyoyi ke kira PAPR. Ampilifaya mai arha ba ta da sararin ɗaukar wannan tsallen sai ta datse kansa. Kamar lasifikar gidan biki ce da aka ƙure, ƙara kam akwai ta, amma ba ka gane me mai waƙar ke faɗa. Wayarka na ganin sigina mai ƙarfi amma gurɓatacciya, daga nan ƙarfen sabis ya sauke ta daga tsarin tura data na 64QAM zuwa na QPSK, kowace alama maimakon bit 6 ta koma ɗaukar 2, ga kuma maimaita saƙon da ya lalace.

Kamfanonin waya da wannan suke fama su ma, sai dai su sun kashe kuɗi a kai. A na'urar da ke kan ƙarfen sabis ana aske tsallen a tsanake tun kafin ya isa ampilifaya, sannan a lanƙwasa siginar da gangan ta ɓangaren da zai sa idan ampilifaya ta lanƙwasa ta ta dawo daidai, wannan shi ne DPD, ga kuma ampilifayar Doherty wadda tun 1936 aka ƙirƙiro ta kuma har yau tana aiki. Ko wayar hannunka idan za ta tura data sama a 4G wani tsari ne mai suna SC-FDMA take amfani da shi saboda tsallensa bai kai na OFDM ba, don batir ya huta. Ita wannan bustar ba abin da ta sani sai ƙara ƙarfi.

Abin da ya taimaka min shi ne rage gen, wato yawan ƙarfin da bustar ke ƙarawa. Akwai ƴan maɓallai a gefenta, mai shagon ya ce "Alhaji ka bar su a ƙure, nan ne daɗin", ni kuwa da na yi ƙasa da su layin sabis ɗaya ya ɓace a waya amma YouTube ya fara buɗewa ba tsayawa. Ku daina kallon layukan nan don Allah, ku sauke manhajar da ke nuna SINR da RSRQ, su ne ke faɗin tsabtar sigina. Sannan eriyar waje a kai ta can sama ta ba wa ta ciki baya, da bango ko rufi a tsakaninsu, in ba haka ba tana jin kanta tana sake ƙarawa, jar fitila ta kama, akwatin ya ɗau zafi har ba ka iya barin hannu a kai da rana.

Wani abin da ba a faɗa maka wajen saye, mitar 900, 1800 da 2100 MHz kawai take kamawa, ba ta kama 800 da 2600, kuma a Najeriya ana gudanar da 4G a kansu sosai, to idan na unguwarku a can yake kuɗinka ya tafi a banza.

Abin da ya fi damuna ma maƙwabta ne. Dattin da ampilifaya ke fitarwa idan an ƙure ta yana fantsama zuwa tashoshin gefe ya koma ƙarfen sabis, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba kiransa ya dinga yankewa. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi a 2021 a kan amfani da busta ba tare da izini ba, kuma da na ga yadda take yi na fahimci dalilinsu. Ni tawa shawarar, in data kake nema ka sayi rauta (na'urar Wi-Fi mai ɗaukar layi) mai ramin eriyar waje ka ɗaga eriyar sama, ba ta watsa wa kowa datti, in kuma kira ne matsalar ka fara kai kuka wajen kamfanin layinka su kawo tasu bustar mai izini.