Mazaɓar Ilhan da ta Rashida: Musulmi ne suka fi yawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yawan Musulmi ne ya kai Ilhan Omar da Rashida Tlaib, mata biyu Musulmi, majalisar wakilan Amurka. A'a, babu mazaɓar da Musulmi ke da rinjaye a cikin biyun, kuma wannan ne ya sa nake ganin girman abin da matan nan suka yi.

Ilhan tana wakiltar mazaɓa ta 5 a jihar Minnesota, wato birnin Minneapolis kacokan da garuruwan da ke gefensa, kogin Mississippi ya ratsa ta ciki. Fararen fata ne suka fi yawa. 'Yan Somaliya, ƙasar asalin Ilhan, suna nan, musamman a unguwar Cedar-Riverside, inda za ka ga masallaci ga kantin naman halal ga mai shayi, amma ƙuri'unsu kaɗai ba za su kai mutum ko'ina ba. Tun 1963 kujerar take hannun jam'iyyar Dimokurat. A nan aka zaɓi Keith Ellison a 2006, Musulmi na farko a majalisar, ita kuma ta gaje shi a zaɓen 2018.

Labarin Rashida ya fi sarƙaƙiya. A 2018 mazaɓa ta 13 ta Michigan ta ci, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, kujerar da John Conyers ya shekara sama da 50 a kanta. Bayan ƙidayar 2020 aka sake shata iyakoki, ta koma ta 12: yammacin Detroit, Southfield, Livonia da Dearborn, garin hedikwatar kamfanin Ford. Fiye da rabin mutanen Dearborn asalinsu Gabas ta Tsakiya ne, amma garin duka mutum kusan 110,000 ne, a mazaɓar da ta haura 750,000.

A duka biyun, zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsu ta Dimokurat ne fagen daga. Da ƙyar Rashida ta kayar da Brenda Jones a 2018, da ratar ƙuri'a kusan 900. Ilhan ma ta sha da ƙyar a 2022 a hannun Don Samuels, ratar kusan 2,500, saboda rikicin makomar 'yan sanda bayan kisan George Floyd a Minneapolis.

Ka lura da 2024 kuma. Fushin yaƙin Gaza ya sa Trump ya doke Kamala Harris a Dearborn, amma a rumfunan nan dai, a rana guda, mutanen garin suka ba Rashida rinjaye mai yawa.