Sharhi kan aikin binciken fasinjoji na TSA a lokacin da kuɗin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ya yanke

Duk wanda ya sayi tikitin jirgin sama da zai tashi daga Amurka yana biyan dala 5.60 a tafiyar zuwa kawai, ko dala 11.20 idan zuwa da dawowa ne, da sunan kuɗin tsaro, kuma kamfanin jirgi ne yake karɓa a cikin kuɗin tikiti ya miƙa wa gwamnati. Abin da ake cewa fasinja ya saya da wannan kuɗi shi ne aikin hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wato TSA, wadda aka kafa a watan Nuwamba na 2001 bayan hare-haren 11 ga Satumba, aka kuma mayar da ita ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida a 2003. Jami'anta kimanin dubu 50 ne suke duba katin shaida, suke haska jakunkuna da na'ura, suke kuma bincikar fasinjoji fiye da miliyan 2 a kowace rana a filayen jirgi sama da 400. Idan al'amura suna tafiya daidai, aikin yana da yabo gwargwado: layi yana motsi, ƙa'idoji a fili suke, har ma an soke tilasta cire takalmi a watan Yuli na 2025, ko da yake dokar hana shiga da ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100 a jakar hannu tana nan. Ingancinsa na gaskiya kuwa ba ya fitowa sai ranar da 'yan majalisa suka kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi.

Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, kuma wata tsohuwar doka ta haramta wa kowace ma'aikata kashe kuɗin da majalisa ba ta amince da shi ba, sai dai ta yarda a ci gaba da ayyukan kare rayuka da dukiya. Tun da kudurin kasafi yakan buƙaci ƙuri'u 60 cikin 100 kafin ya wuce a Majalisar Dattawa, jam'iyyar da ba ta da rinjaye ma tana iya tsayar da shi. Idan kasafin bai wuce ba sai a shiga abin da ake kira rufewar gwamnati, amma tun da aikin TSA na kare rayuka ne ba a sa wa hukumar kwaɗo, ana dai umartar mafi yawan jami'anta da su riƙa fitowa aiki kullum ba tare da albashi ba, har zuwa ranar da aka sasanta.

A makon farko da na biyu fasinja ba zai ga bambanci ba, kuma a nan dole a jinjina wa jami'an, domin suna fitowa da asuba cikin kayan aikinsu, suna yin abin da suka saba. Lalacewar takan fara ne daga ranar da albashin farko ya kamata ya shiga asusu bai shiga ba. An ga haka ƙarara a rufewar da ta fara ranar 22 ga Disamba 2018 ta ƙare ranar 25 ga Janairu 2019, wato kwanaki 35, wadda ta samo asali daga dala biliyan 5.7 da Shugaba Donald Trump ya nema domin gina katanga a kan iyakar Meziko. A ranar 20 ga Janairu kashi 10 cikin 100 na jami'an TSA ba su fito aiki ba, alhali a irin wannan rana a shekarar da ta gabata kashi 3 ne da ɗan ɗoriya, kuma hukumar da kanta ta amince cewa da yawansu matsin rashin kuɗi ne ya hana su zuwa. Filin jirgin Miami ya riƙa rufe ɗaya daga cikin sassansa tun da rana, filin George Bush na Houston ya rufe wurin bincike na sashen B, a Atlanta kuma fasinjoji sun shafe fiye da awa guda a layi. Ban ga laifin jami'in da ya zauna a gida ba, domin wanda ba shi da kuɗin mai ko kuɗin mai rainon 'ya'yansa ba zai iya zuwa ya tsaya awa takwas a gaban na'ura ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikatan wannan hukuma sun daɗe suna cikin masu ƙaramin albashi a gwamnatin tarayya, sai a 2023 aka ɗaga nasu ya kusanci na takwarorinsu, don haka ba su ne masu ajiyar da za ta riƙe gida wata guda ba.

Hukumar takan nanata cewa ba ta sassauta ƙa'idar bincike a irin wannan lokaci, layi ne kawai yake ƙara tsawo. Na yarda cewa ƙa'idar da ke rubuce ba ta canzawa, amma ban gamsu cewa ingancin aikin ba ya raguwa ba. Aikin duba hoton jaka a allon na'ura aiki ne na natsuwa, inda mutum zai kalli ɗaruruwan jakunkuna marasa komai domin ya kama guda ɗaya mai hatsari, kuma jami'in da ya kwana yana lissafin kuɗin haya, ko ya tashi daga nan ya tafi wani aikin dare domin ya ciyar da iyalinsa, ba zai kasance da idon da yake da shi a watan da aka biya shi ba. Akwai kuma asarar da fasinja ba ya gani a layi, wato gogaggun jami'an da suke ajiye aikin gaba ɗaya, waɗanda sai an ɗauki watanni kafin a horar da madadinsu.

Matsalar ba ta tsaya kan TSA ba. A ranar 15 ga Janairu 2019 dakarun tsaron gaɓar teku kimanin dubu 42, waɗanda su ma suna ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, sun wayi gari ba albashi, alhali sauran rundunonin soja da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, wato Pentagon, an biya su. An kuma dakatar da manhajar E-Verify da kamfanoni suke amfani da ita wajen tantance izinin aikin sababbin ma'aikata, a daidai lokacin da ake cewa domin tsare iyaka ake rigimar. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa rufewar ta jawo wa tattalin arziki asarar dala biliyan 11, kuma biliyan 3 daga ciki ba za su dawo ba. Duk da wannan darasi, an sake shiga wata rufewar daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, kwanaki 43, inda ƙarancin masu kula da zirga-zirgar jirage, waɗanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri, ya sa aka ba da umarnin rage tashin jirage a manyan filaye 40.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a matsayin mai auna abin da aka biya da abin da aka samu shi ne kuɗin tsaron nan na cikin tikiti. Ba a daina karɓarsa ko na rana ɗaya idan an rufe gwamnati, amma ba ya shiga aljihun jami'in da ke tsaye a gaban fasinja, domin sai majalisa ta ba da izini kafin a kashe shi. Ƙari a kan haka, tun daga dokar kasafi ta 2013 ake karkatar da wani kaso nasa zuwa cike giɓin kasafin gwamnati. Fasinja ya biya cikakken farashi, jami'i ya yi cikakken aiki, amma an bar su biyun suna kallon juna a layi cikin takaici. Gaskiya ne cewa wata doka da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta tabbatar wa ma'aikatan tarayya biyan bashin albashinsu bayan an buɗe gwamnati, sai dai ba ta biyan tarar jinkirin haya ko kuɗin ruwan bashin da mutum ya ci kafin ranar.

Akwai misalin da ya nuna cewa ana iya kauce wa wannan hali. Filin jirgin San Francisco yana cikin 'yan filayen da kamfani mai zaman kansa yake gudanar da bincike a ƙarƙashin kulawa da ƙa'idojin TSA, kuma a rufewar 2019 ma'aikatansa sun ci gaba da karɓar albashi saboda an riga an ware kuɗin kwangilar. Ba ina goyon bayan a miƙa tsaro ga 'yan kasuwa ba ne, amma misalin ya tabbatar da cewa hanyar biyan albashi ce take da rauni, kuma majalisa tana da ikon gyara ta da doka guda.

Ga mai yawan tafiya a cikin Amurka wanda ya cancanci shiga, tsarin TSA PreCheck na shekara 5, wanda ake tantance fasinja tun da wuri domin a sauƙaƙa masa bincike, ya cancanci kuɗinsa, domin layinsa ya fi gajarta, kuma a 2019 an ci gaba da rajistarsa tun da kuɗin masu nema ne yake ɗaukar nauyinta. Global Entry, tsarin hanzarta tantance matafiyan da ke shigowa Amurka daga ƙasashen waje, wanda kuɗinsa ya kai dala 120 tun Oktoba 2024, ya fi rauni, domin a waccan rufewar an soke ganawar tantance masu nema da dama, mutane suka yi ta jira. Wanda tafiya ta kama shi bayan an shiga mako na uku na rufewa, gara ya zaɓi jirgin da zai kai shi kai tsaye ba tare da sauyi a hanya ba, ya duba sanarwar filin jirgin da zai tashi kafin ya bar gida, ya kuma ƙara aƙalla awa guda a kan lokacin da ya saba isa.