Diamox ya ceci ganina, amma shansa sai da haƙuri

Ciwon da ya sa aka rubuta min Diamox ba kasafai ake jin labarinsa ba. Likitoci na ce masa IIH: matsin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne yake hauhawa a cikin ƙoƙon kai, alhali babu ƙari. Ya fi kama mata masu jiki da ke shekarun haihuwa. Ni da ciwon kai ya fara min, sai wani ƙugi a kunne mai tafiya da bugun zuciya, in na sunkuya kuma gani ya ɗauke na ɗan lokaci. A gida wannan ya ce hawan jini, wancan ya ce iska. Likitan ido ne ya hango jijiyar gani ta kumbura. Hoton MRI bai nuna ƙari ba, da aka ɗebi ruwan ta ƙashin baya kuwa matsinsa ya haura santimita 25 a ma'auni, iyakar da ake dubawa ga manya.

Asalin sunan maganin acetazolamide, ƙwayar miligiram 250, kuma masu hawan jinin ido ma suna sha. Jiki yana samar da kusan rabin lita na ruwan ƙwaƙwalwar kullum, aikin ƙwayar shi ne rage yawansa. Ta yi aikin. Ƙugin kunnen ne ya fara lafawa, daga baya gwajin ido ya nuna kumburin yana sauka.

Sai dai yatsun hannu da na ƙafa su yi ta tsikari kamar ana soka min allura, ga kasala, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Lemon kwalba kuwa ya koma ɗanɗanon ƙarfe, dole na haƙura da shi (wannan kam ya taimaka, tunda rage ƙiba na cikin magani). Shan ruwa da yawa wajibi ne saboda yana iya haddasa tsakuwar ƙoda, kuma ana gwada jini lokaci-lokaci don duba sinadarin fotasiyam. Da azumi ya ƙarato, sai da na koma wurin likita muka tsara yadda za a yi.

Ciwon kan bai tafi gaba ɗaya ba, a nan ne maganin ya gaza min. Don kare ido dai ya cancanci wahalarsa. Mai juna biyu, ko mai shirin ɗauka, ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta mata.